Ƙanƙarar Lemo a Hanyar Nguru

Ku gyara zama, ku bar wayoyin nan su huta. Tun da kowa ya shanye nasa kofin ya ji sanyi har ƙafarsa, bari in ba ku labarin wani kwanon ƙanƙarar lemo irin wannan, wanda aka haɗa a bakin hanya, ba a kicin ba. In na gama akwai tambaya, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa ra'ayin.

Akwai wani tela a Haɗeja, sunansa Haladu, da matarsa Hannatu. Sun daɗe da aure ba haihuwa. Ciki yakan shiga, ya yi ɗan kwana biyu ya zube, har Hannatu ta daina faɗa wa kowa in ta ji alama. Sai a wannan shekarar Allah ya sa cikin ya zauna, ya girma, har ya shiga watan haihuwa. Iyayenta suna Nguru, suka aiko a kawo ta goyon ciki. Haladu ya so a tafi da wuri, amma ɗinkin mutane ya riƙe shi, bai samu kansa ba sai tsakiyar bazara, lokacin da kaji ma suke kwanciya a inuwa baki buɗe suna haki.

Suka shiga wata tsohuwar bas da hantsi, an cika ta maƙil, kaya a sama kaya a ƙarƙashin ƙafa. Da aka yi nisa direba ya ce titi ya lalace a gaba, zai yanke ta wata hanyar burji da ya sani. Da rana ta take tsaka, a wani fili da ba gida ba rijiya, motar ta yi tari ta mutu. Ya buɗe inji, tururi ya taso masa a fuska. Bel ɗin fanka ya tsinke, ruwan lagireto ya ƙafe. Kowa ya ɗaga wayarsa sama, ba sabis. Samari biyu da ke cikin motar suka ce za su taka gaba ko a dace, suka tafi. Itacen da ke wurin wata 'yar aduwa ce guda ɗaya, inuwarta ba ta fi tabarma ba, nan aka shimfiɗa wa Hannatu.

Da farko kanta ne ta ce yana sarawa. Gumi yana zubo mata kamar an watsa mata ruwa. Haladu ya kawo ruwan jarka, amma ruwan ya yi zafi kamar za a haɗa shayi da shi. Ta kurɓa, ta amayar. Ya sake ba ta, ta sake amayarwa, har da ɗan kokon da ta sha da safe. Can sai gumin ya ɗauke gaba ɗaya, fatarta ta bushe, jikin ya yi zafi rau. Ta kama hannun mijinta ta ce, "Haladu, tun da muka tsaya ban ji ya motsa ba." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ya kira sunanta, ya sake kira, idanunta a lumshe, numfashi sama-sama. Haladu ya miƙe ya dubi gabas ya dubi yamma, ba ƙurar mota ko ɗaya. Ya durƙusa yana salati.

To, a cikin motar nan akwai mata uku, ba wadda ta san wata, ba kuma wadda ta san Hannatu kafin ranar.

Ta farko ita ce Inna Barira, dattijuwa mai sayar da ƙosai, mijinta ya rasu, ta je gaishe da jikokinta tana komawa gida. Ta biyu Suwaiba, matar wani malamin makaranta. Tun da aka taso ba ta yi magana da kowa ba, tana rungume da wata 'yar kula a cinyarta, ko da aka sauka ba ta ajiye ta a ƙasa ba. Ta uku Ramlatu. Ita kam kowa a motar ya san abin da ya taso ta, don tun daga tasha take kuka. Da asuba aka bugo mata waya cewa jikin mahaifiyarta ya tsananta, tana ta kiran sunanta, ta zo maza.

Ramlatu ce ta fara matsowa. Ta taɓa wuyan Hannatu, ta janye hannu. Bara ta yi jinyar mahaifiyarta cikin irin wannan zafi, lokacin da tsohuwar ba ta iya riƙe ko ruwa a cikinta, don haka ta san abin da take gani. Ta ce, "Malam, tun da ta samu cikin nan, me ya fi zama mata?"

Haladu ya ce, "Abu mai tsami. Ko ruwa sai an matsa mata lemo take iya sha."

Ramlatu ta miƙe ta ɗaga murya. "Jama'a, wa ke da lemon tsami? Wa ke da wani abu mai sanyi? In ba a sauko da zafin jikin baiwar Allahn nan ba, ita da abin da ke cikinta ba za su kai la'asar ba."

Aka bincika jakunkuna. Wani mai shayi ya fito da ƙullin sukari. Wata ta kawo ɗan gishirin da ya rage na dafaffen ƙwai. Lemo babu. Na sanyi kuwa ba wanda ya amsa. Suwaiba ta sunkuyar da kai, ta ƙara matse kularta.

Inna Barira ta miƙe tsaye. Ta kare ido da hannu tana duban arewa. Can nesa, inda iska ke rawa saboda zafi, akwai wani layin kore-kore. Ita 'yar fadama ce, a cikin lambu ta girma, ta san ba a ganin irin wannan koren a bazara sai inda ake ban ruwa. Direba ya ce, "Inna, wurin nan ya fi yadda kike gani nisa, ranar nan za ta kayar da ke." Ta ce, "In na faɗi kwa ɗauko ni." Ta gyara ɗaurin zane ta kama hanya.

Ba ta kai rabi ba silifas ɗinta ɗaya ya tsinke. Ta gwada tafiya da guda, rairayi ya cinye shi, ta jefar. Kun san rairayin bazara da rana tsaka, ko jaki ba ya son taka shi. Haka ta bi shi da tafin ƙafa, in ta ga ɗan tsiron ciyawa ta tsaya a kai ta numfasa, ta sake gaba. Ta isa, lambu ne kuwa, an kewaye shi da ƙaya. Ta yi sallama, ta sake yi, ba amsa. Matar da tun da ta yi wayo ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba, ta ɗaga ƙaya ta shiga. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa, ta tsinko lemon tsami, ƙayar itacen na yagar hannunta, ta tsinko nunannun mangwaro. Tana ƙullewa sai ga mai lambu da sanda, ashe barci yake a bukka. Bai tambaya ba, ya sauke mata sandar a dantse yana kiran ɓarauniya, tsohuwar banza. Ta yi masa bayani, ya ce kowane ɓarawo yana da mara lafiya. Ta ce, "Ɗana, ka ƙara min duka in kana so, amma ƙullin nan ba zan sake shi ba." Ya dubi ƙafafunta, ya dubi furfurarta, ya sauke sandar, ya raka ta da zagi har bakin shinge. Ta sake bin rairayin nan, wannan karon ba mayafi a ka. Da ta iso gindin aduwa ta miƙa ƙullin, ta zame ta zauna. Tafin ƙafarta duk ya tashi ya yi bororo, wasu sun fashe.

Nan da nan Ramlatu ta yanka lemo ta matsa a ruwan jarka, ta ɗiga wa Hannatu a baki. Ruwan ya dawo ta gefen leɓe. Ta sake gwadawa, Hannatu ta yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito, jikinta ya saki. Ramlatu ta girgiza kai ta ce, "Ruwan zafi a jiki mai zafi. Sai da sanyi." Haladu ya ɗora hannu biyu a ka.

Duk wannan abin Suwaiba na kallo, hawaye na bin fuskarta. Abin da ke cikin kularta ƙanƙara ce, a tsakiyar ƙanƙarar kuma kwalaben allurar mijinta ne, mai ciwon suga. Maganin ya yanke a garinsu, sai da ta je har Kano ta samo, kuma wadda ta rage masa a gida ba za ta wuce ranar ba. Mai kemis ya ja mata kunne sosai, ya ce in zafi ya daki allurar nan ta tashi daga aiki, ko an yi ta kamar an yi ruwa ne. Ba ta san yaushe za a bar wurin nan ba. In ta buɗe kula, mijinta. In ta rufe, matar wani da ɗan da ke cikinta. Tun lokacin da Ramlatu ta yi cigiyar farko take wannan lissafi, har Inna Barira ta je ta dawo ba ta gama ba. Sai da ta ga leɓunan Hannatu sun fara canja launi ta tashi, ta durƙusa ta buɗe murfin.

Ta ce, "Ga shi. Maganin maigidana ne a ciki. Ku ɗauki rabi."

Ramlatu ta leƙa. Ƙanƙarar ta riga ta fara narkewa, abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu uku ba. Ta dubi Suwaiba ta ce, "Yaya, ba zan ɓoye miki ba, rabi ba zai isa ba." Suwaiba ta rufe ido. Ta sa hannu ta tsamo kwalaben, ta naɗe su a jiƙaƙƙen kallabinta, ta tura kular gaba ɗaya, ta koma gefe ta juya baya.

Saura haɗawa, kuma ba turmi ba injin markaɗe. Ramlatu ta ce Haladu ya buɗe jakar kayan jariri, ya ba ta ƙyalle mafi tsabta. Ya ɗauko wani farin zanen goyo da shi da kansa ya yi wa kalmasa. Ta yage shi biyu. A ɗaya ta ƙulla ɓarɓashin ƙanƙara ta sa wa Hannatu a wuya da hammata, ta ce wata mata ta riƙa yi mata fifita da kwali kar ta tsaya. A ɗayan ta naɗe manyan guntayen, ta ɗora kan dutse, ta karɓi ƙarfen kwance taya wurin direba ta shiga daka. Tana yi da sauri, don kowane bugu rana na shan nata rabon. Ƙarfen ya kuɓuce ya same ta a babban yatsa, farcen ya tsage, ba ta tsaya ba, sai da ƙanƙarar ta yi laushi kamar tsakin masara. Ta juye a kwanon sha. Ta matsa lemo ta cikin ƙyallen don ya tare 'ya'yan. Ta ɗauki mangwaro ta murza shi a tafin hannu har cikinsa ya zama ruwa, ta huda kan, ta tatse a kai. Ta zuba sukari, ta barbaɗa gishiri da ɗan yatsa, ta juya da cokali. Ta ɗanɗana, tsami ya yi yawa, ta ƙara mangwaro. Ƙamshin ya tashi a wurin, kowa ya haɗiyi miyau.

Ba ta ba ta nan take ba. Ta ce mutumin da bai farfaɗo ba in aka ɗura masa abu sai ya shaƙe. Ta tallafo kan Hannatu a cinyarta, ta matse ɓawon lemo kusa da hancinta, tana kiran sunanta a hankali. Ƙanƙara na narkewa a kwano, Haladu na cewa, "Baiwar Allah, ki ba ta mana, za ta ƙare!" Ramlatu ta ce, "Malam, ka yi haƙuri." Can girar Hannatu ta motsa, ido ya ɗan buɗe. Ramlatu ta ɗebo a bakin cokali, abin da bai fi ƙwayar wake ba, ta sa mata a cikin leɓe. Kowa ya zuba wa maƙogwaronta ido. Ya motsa. Aka jira amai, bai zo ba.

Daidai nan aka ji ƙarar babur. Wani mutum ne ya ɗauko buhunan barkono, ya ce zai iya ɗora mutum ɗaya a kan kaya zuwa babban titi. Hannatu ba za ta iya hawa ba. Mutanen motar gaba ɗaya suka ce Ramlatu ta tafi, ita ce mahaifiyarta ke jira. Wata mata ta karɓi cokalin ta ce za ta ci gaba, ta cika shi ta kai bakin Hannatu, Hannatu ta ƙware, ta shiga tari har idanunta suka juye. Ramlatu ta riga ta ɗauki jakarta, ƙafarta ɗaya a kan babur. Ta waiwayo. Ta dubi Hannatu. Sai ta sauke ƙafar ta ce, "Direba, kai ka hau, ka turo mana mota." Ta koma ta karɓi cokalinta. Tana bayarwa tana kuka, ɗan kaɗan, ta jira a haɗiye, ta sake ɗan kaɗan, ba ta yi gaggawa ko sau ɗaya ba.

Kafin kwanon ya ƙare gumi ya tsattsafo a goshin Hannatu. Ta buɗe ido sosai, ta nemi mijinta. Ta kamo hannunsa ta ɗora a cikinta. Haladu ya ji an shure shi, ya fashe da kuka kamar yaro, a gaban mata.

Rana ta yi sanyi kafin direba ya dawo da wata motar ɗaukar kaya. Aka kai Hannatu asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Kafin a rabu Haladu ya karɓi lambar kowace a cikin matan uku. Bayan 'yan kwanaki naƙuda ta zo, ta zo da wuya, sai da aka yi aiki. Aka ciro 'ya mace, lafiya lau. Amma likita ya kira Haladu gefe ya ce masa da wuya Hannatu ta sake ɗaukar wani cikin.

Haladu ya buga wa matan uku waya don ya gaya musu su zo suna, a nan ya ji abin da ya biyo baya. Inna Barira tana kwance, ƙafar ta yi ruwa, ba ta iya takawa, kaskon ƙosanta a kife, maƙwabta ke ba ta abinci. Suwaiba ta kai maganin gida an yi ta yi wa mijinta, sugan bai sauka ba, sai da ya faɗi a aji aka kwashe shi zuwa asibiti. Ya tashi, amma idonsa ɗaya ya dushe. Likita ya ce mai yiwuwa zafi ne ya kashe allurar, mai yiwuwa kuma ciwon ne ya riga ya yi nisa, ita dai Suwaiba ba ta daina zargin kanta ba. Ramlatu kuwa ta isa gida ta tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Mahaifiyarta ta cika da la'asar. Da ta hau babur ɗin nan da ta same ta da rai.

Da Hannatu ta ji wannan ta ce, "Yarinyar nan ba za ta ci sunan kowa a dangi ba. Wadda ta cece mu a cikin matan nan ita ce takwararta." Aka tambaye ta wace ce. Ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta san wa ya yi me ba, abin da take iya tunawa kawai sanyi da tsami a harshenta. Ta ce waɗanda suka san labarin su zaɓa.

Nan gida ya rabu. Mahaifiyar Hannatu ta ce Inna Barira, don ita ce ba ta jira an roƙe ta ba, ta sa jikinta da mutuncinta, ga tsufa, kuma ba don lemonta ba da ko an samu sanyin cikin ba zai riƙe ba. Haladu ya ce Suwaiba, don lemon an gwada shi a ruwan zafi bai yi ba, ƙanƙarar ce ta sauko da jikin, kuma abin da ta bayar ba nata ba ne, lafiyar uban 'ya'yanta ce. Mahaifin Hannatu ya ce Ramlatu, don lemo da ƙanƙara a hannun wanda bai san yadda zai yi da su ba da a ƙasa za su ƙare, kuma ita abin da ta rasa ba ya dawowa. Sai kowa ya shiga rage na wani. Aka ce Suwaiba ta yi shiru sai da abu ya kusa ɓaci. Aka ce Inna Barira ƙafa ce, za ta warke. Aka ce mahaifiyar Ramlatu kwananta ne ya ƙare, ko ta je ba za ta hana ba. Wani kawu ya ce a sa ɗaya yanzu, sauran a jira ƙanne, ba wanda ya goyi bayansa, don an san abin da likita ya faɗa.

Har safiyar suna ba a daidaita ba. Rago na ɗaure, an raba goro, liman na zaune a zaure yana jiran a raɗa masa suna, kuma suna ɗaya ake raɗa wa ɗa. An ɗauko Inna Barira a bayan babur ƙafa a naɗe, Suwaiba ta zo riƙe da hannun mijinta, Ramlatu ta taso daga zaman makoki, dukansu suna cikin gida, ba wadda ta ce a sa nata. Haladu yana tsaye tsakanin zaure da tsakar gida, ya kasa shiga ya kasa fita.

To, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko, Barira, Suwaiba ko Ramlatu: sunan wa ya kamata Haladu ya raɗa wa liman?